Zuwa ga Likitoci da Masu Ba da Magani: Wanda Aka Yi wa Rashi Ba Ya Iya Raba Jimami da Illar Ƙwaya

Assalamu alaikum, likitoci, malaman jinya da masu harhaɗa magunguna. Allah ya taimake ku, ya saka muku da alheri a kan ɗawainiyar da kuke yi da mu dare da rana.

Na rubuto muku ne a kan wani irin majinyaci da ke shigowa wurinku kullum, wanda sau da yawa ba ya fara da faɗin ainihin abin da ya kawo shi. Zai ce barci ya ƙaurace masa, ko gabansa na yawan faɗuwa, ko kansa na sarawa, ko abinci ya ƙi shiga. Sai an ɗan matsa da tambaya zai ce matarsa ce ta rasu watan jiya, ko ɗansa, ko mahaifiyarsa. Yakan fita da takardar magani a hannu, kuma ban ce laifi ne a ba shi ba. Kukana a kan abin da ke biyo baya ne. Daga ranar da ya fara haɗiyar ƙwayar nan, abu biyu ne ke aiki a jikinsa lokaci guda, jimami da magani, alamominsu kuwa sun yi kama ƙwarai. Jiri, kasala, mantuwa, tashin zuciya, mutuwar jiki, duk rashi na kawo su, duk kuma magani na kawo su. Shi ba zai iya rarrabewa ba. Mutanen gidansa ma haka, domin duk abin da suka gani a tare da shi cewa za su yi, "Ai har yanzu bai dawo daidai ba, sai haƙuri." Ku ne masu ilimin raba wannan da wancan, amma lokacin da abin ke faruwa kuna asibiti, shi yana ɗakinsa.

Kada a ɗauka ina raina abin da rashi ke yi wa jiki. Kun fi ni sanin cewa baƙin ciki na kwantar da mutum, wani lokaci ma ya tafi da shi. Tun a 1969 likitan ƙwaƙwalwa Colin Murray Parkes da abokan aikinsa suka fitar da sakamakon bin diddigin maza 4,486 a Birtaniya, masu shekara 55 zuwa sama, waɗanda matansu suka rasu. A wata shida na farko, mace-macen da aka samu a cikinsu ya ɗara na tsararrakinsu masu mata da kashi 40 cikin 100, kuma ciwon zuciya ne ya fi ɗaukarsu. Wani binciken da aka buga a Amurka a 2012 ya nuna haɗarin bugun zuciya na ninkawa kusan sau 21 a cikin awa 24 na farko bayan rasuwar makusanci. Ga kuma ciwon nan da likitocin Japan suka fara bayyanawa a 1990, takotsubo, inda tsananin firgici ko baƙin ciki ke raunana tsokar zuciya ba tare da wata jijiya ta toshe ba, wanda ya fi kama mata masu manyan shekaru. Saboda haka idan matar da mijinta ya rasu ta ce ƙirjinta na ciwo, haƙƙinta ne a auna zuciyar tukuna, kafin a yanke cewa tunani ne a miƙa mata abin da zai sa ta barci.

Zan daɗe a kan maganin barci, domin shi ne aka fi saurin bayarwa, shi ne kuma mai jimami ya fi roƙa da bakinsa. Diyazefam, wanda aka fi sani da Valium, yana kasuwa tun 1963, kuma shi da danginsa suna aiki, babu musu. Mutum ya kwana biyar yana juyi a shimfiɗa, ya sha ƙwaya ɗaya ya yi barci, wa zai ga laifinsa idan ya dawo neman ƙari? Sai dai jiki na sabawa da shi cikin 'yan makonni, har ya kai ga adadin da ya isa jiya bai isa yau ba. Tun a 1988 kwamitin da ke lura da amincin magunguna a Birtaniya ya ja kunne cewa kada a wuce mako biyu zuwa huɗu ana ba da irin waɗannan, ya kuma ambaci masu rashi musamman, cewa maganin na iya hana zuciyarsu daidaitawa da abin da ya same su. A 2020 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta tsaurara gargaɗin da ke jikin kwalinsu a kan sabo da wahalar dainawa. Wannan ba sabon labari ba ne a wurinku. Mu ne ba mu sani ba, kuma mu ne ke shan maganin.

Lokacin da mahaifinmu ya rasu, Allah ya jiƙansa, an kai Innarmu asibiti saboda ta daina barci. Aka rubuta mata magani iri biyu, na barci da na damuwa, aka ce ta sha da dare. Barci ya zo. Amma da safe sai ka gan ta ta fito daga ɗaki tana bin bango da tafin hannu, tana jan ƙafa. Ta tambaye ka ko ƙanwarta ta bugo waya, ka amsa, kafin a jima ta sake tambaya da murya iri ɗaya. Wata rana ta riƙe kofi a hannu ta tsaya tsakar ɗaki, ta rasa abin da ta tashi yi da shi. Duk wanda ya shigo gaishe ta sai ya girgiza kai ya ce mutuwar ta taɓa ta sosai, wasu har suka fara raɗa cewa ruɗin tsufa ne ya soma. Sai da ta faɗi da dare a hanyar banɗaki, goshinta ya fashe, wata malamar jinya da ke ɗinke wurin ta ce a kawo mata duk abin da Inna ke sha, na da da na yanzu, a zube a gabanta. Ta ɗaga kwalin maganin barcin ta tambayi tun yaushe. Da muka faɗa mata, sai ta yi shiru, ta je ta kira likita.

Daga baya muka fahimci abin da ku kuka sani tun kuna makaranta. Diyazefam ba ya barin jiki da wayewar gari. Jikin mai ƙarfi ma yakan ɗauki kwana ɗaya zuwa biyu kafin ya rage rabinsa, na tsoho kuwa ya fi haka nesa ba kusa ba, don haka ƙwayar yau tana tarar da ta jiya da ta shekaranjiya a cikin jini. Shi ya sa ƙungiyar likitocin tsofaffi ta Amurka ta sa wannan dangin magani cikin jerin waɗanda ake so a kauce wa ba masu manyan shekaru, saboda ruɗewa da faɗuwa da karayar ƙugu. Garin neman gira saura kaɗan a rasa ido. Da an gaya mana da baki ɗaya cewa, "Idan kuka ga tana tangaɗi ko tana maimaita tambaya, maganin ne, ku dawo da ita," da ba a kai ga ɗinki ba.

Ni ban roƙe ku ku hana maganin barci ɗungurungum ba. Akwai daren da mutum ke bukatar ya runtsa ko ta halin ƙaƙa. Roƙona shi ne wanda ya bayar ya faɗi ranar dainawa tun ranar farawa, ya ba da kaɗan, ya kuma faɗa ƙarara cewa ba a haɗa shi da giya, ko kodin, ko tiramadol, domin haɗin na iya danne numfashi a cikin barci. Ya faɗa cewa mai shansa ya bar tuƙi. Maganar ba za ta ci minti biyu ba.

Na biyun, maganin ciwon damuwa, shi nasa sha'anin daban ne, kuma a ganina nan aka fi barin mutane cikin duhu. Irin su filoksetin, wato Prozac, da satiralin da sitalofiram, illarsu ce ke fara isowa kafin amfaninsu. A mako na farko da na biyu mutum na iya fama da tashin zuciya, ciwon kai, gudawa, zufa, rashin barci, wani ma fargabarsa ta ƙaru ya kasa zama wuri ɗaya. Sauƙin da ake nema kuwa yakan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin ya bayyana sosai. To ku duba halin wanda bai daɗe da binne ɗansa ba, an ce masa wannan zai taimake shi, ya sha, ya wayi gari ya fi jiya lalacewa. Ɗayan biyu zai yi. Ko ya jefar da maganin ya yanke cewa ba shi da rabo, ko ya ci gaba da sha yana ɗauka cewa haukacewa yake yi. Duk biyun ana kauce musu idan an gaya masa tun farko yadda makonnin za su kasance, da abin da ke wucewa da kansa, da abin da ke bukatar ya dawo a ranar. Ga matasa kuwa abin ya fi nauyi: a 2004 FDA ta sa gargaɗi mafi tsanani a kan cewa waɗannan magunguna na iya ƙara tunanin kashe kai ga yara da matasa a farkon shansu, a 2007 ta faɗaɗa shi zuwa 'yan ƙasa da shekara 25. Yarinyar da ta rasa uwa tana da shekara 19, aka ɗora ta a kan irin wannan magani, bai kamata a ce mata ta dawo bayan wata biyu ba. Mako ɗaya ya isa a sake ganinta.

Akwai wata illar da ba ta sa jiri, ba ta sa amai, amma ta fi ci mini rai. Masu shan waɗannan magunguna da yawa sukan ce komai ya dusashe musu, baƙin cikin ya ragu, farin cikin ma ya ragu. Ga wanda damuwa ta danne shekara da shekaru, wannan na iya zama farashin da zai yarda ya biya. Ga mai jimami kuwa azaba ce ta daban. Wani dare Inna ta kira ni, ta ce, "Ina so in yi kukan babanku, kukan ya ƙi zuwa. Ko zuciyata ce ta bushe?" Ta zauna da mutum fiye da rabin rayuwarta, ga shi tana tuhumar kanta da rashin ƙauna, alhali ƙwaya ce ta tsaya tsakaninta da hawayenta. Da likita ya rage adadin, kukan ya dawo, kuma duk da zafinsa ta fi samun natsuwa da shi. Ku tambayi majinyatanku wannan, domin ba za su kawo shi da kansu ba, ba su ma san cewa abin kai wa likita ba ne. Haka batun raguwar sha'awa tsakanin ma'aurata, wanda sanannen abu ne a wannan dangin magani. Miji da matar da suka rasa ɗa dama suna fama da nisan da rashi ke jefawa a tsakani, kunya kuma ba za ta bar ɗayansu ya furta ba sai ku kun buɗe ƙofar.

Sauran illolin kun san su, zan wuce da sauri. A jikin tsofaffi suna iya rage sinadarin sodiyam a jini, mutum ya ruɗe, a ɗora wa tsufa ko rashi, alhali gwajin jini ɗaya zai tona. Haɗa su da asfirin ko ibufurofen na ƙara haɗarin zubar jini a ciki, haɗa su da tiramadol na iya kawo zazzaɓi da karkarwa da ruɗewa. Tsohon maganin nan amitiriftilin, da ake yawan bayarwa don barci, yana busar da baki, yana ɗaure ciki, yana sa jiri idan an miƙe, kuma yawansa haɗari ne ga zuciya, don haka ba abin da za a cika wa mai karyayyar zuciya hannu da shi ba ne.

Tambayar da ta fi duk waɗannan girma ita ce, shin wannan mutumin ciwo ne da shi, ko rashi ne kawai yake ɗauke da shi? Jimami na zuwa ne yana tafiya. Mutum ya yi kuka da safe, da rana jikansa ya ba shi dariya, da yamma ya ga takalmin mamacin ya sake rushewa. Tunaninsa a kan wanda ya tafi yake, kuma bai daina ganin kansa da daraja ba. Ciwon damuwa kuwa yakan lulluɓe komai ba ɗagawa, mutum ya riƙa ganin kansa banza, wanda bai cancanci rayuwa ba. Suna iya haɗuwa a mutum ɗaya, idan kuma suka haɗu magani na da gurbinsa, kuma yana ceton rai. Ba na cikin masu tsorata mutane da shi. Akwai kuma na uku, jimamin da ya ƙi sassautawa har ya hana mutum rayuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin kundin cututtukanta da ya fara aiki a 2022, idan ya wuce aƙalla wata shida da tsanani, ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka kuma ta sa wa manya wata 12. Abin lura a nan shi ne binciken da Katherine Shear ta Jami'ar Kolambiya da abokan aikinta suka buga a 2016, a kan mutum 395 masu irin wannan jimami. Abin da ya fi sauƙaƙa musu shi ne zaman tattaunawa na musamman, sau 16, da wanda aka horar a kan rashi. Sitalofiram bai ƙara komai a kan jimamin kansa ba, ko da yake ya rage alamomin damuwa ga waɗanda suka haɗa shi da zaman. Ma'ana, kewa ba ta jin ƙwaya. Na san layin da ke bakin ƙofarku, na san rubuta magani ya fi sauraro sauri, na kuma san masu wannan horon ba su da yawa. Amma ko ba ku da inda za ku tura mutum, gaya masa gaskiya cewa abin da yake ji ba cuta ba ne, kuma yawancin mutane na samun sassauci da tafiyar lokaci da taimakon na kusa da su, shi ma magani ne.

Wani ɓangaren da ba a cika waiwaya ba shi ne magungunan da mutum ke sha tun kafin rasuwar. Sau da yawa mamacin ne ke tuna masa lokaci, shi ke ƙirga ƙwayoyin, shi ke raka shi asibiti. Yanzu babu shi. Mai hawan jini ya manta na kwana uku, ko ya sha sau biyu don bai tuna ya sha ba. Mai ciwon suga ya daina cin abinci saboda baƙin ciki amma ya ci gaba da allurar insulin yadda ya saba, sugansa ya faɗi, ya yi zufa ya riƙa sambatu, a ce alhini ne. Ga kuma ragowar magungunan mamacin. Wanda ya yi doguwar jinya yakan bar mofin ko tiramadol ko maganin barci a gefen gado, kuma babu mai ƙarfin halin taɓa kayansa. Suna nan a ɗaki ɗaya da mutumin da ke kwana yana tunanin ina ma ya bi shi, da yara masu buɗe kowace jaka. Ku da kuka rubuta su, ku ne ya fi dacewa ku ce wa iyalin su dawo da su kantin magani ko asibiti. Masu harhaɗa magunguna, wannan naku ne musamman, domin ku ake gani ba tare da jiran layi ba.

Dainawa ma tana bukatar hannunku kamar farawa. Mutum ya ji sauƙi, ko ya gaji da illa, ko maganin ya ƙare bai samu komawa ba, sai ya tsaya rana ɗaya. Bayan kwana kaɗan jiri ya taso, da munanan mafarkai, da saurin fushi, da kuka ba dalili, wasu su ce suna jin kamar lantarki na fizgarsu a ka. Sai ya ɗauka jimamin ne ya dawo sabo, ko kuma ba zai taɓa rayuwa ba tare da ƙwaya ba. Hukumar NICE ta Ingila, mai tsara wa likitoci ƙa'idojin jinya, ta gyara shawararta a 2019, ta amince cewa waɗannan alamomi na daina maganin damuwa na iya yin tsanani su kuma daɗe ga wasu mutane, saɓanin yadda aka daɗe ana cewa mako ɗaya ko biyu ne. Na dangin diyazefam ya fi haɗari, domin yanke shi kwatsam bayan dogon sha na iya kawo jijjiga irin ta farfaɗiya. A hankali ake ragewa, bisa tsarin da likita ya shimfiɗa, kuma dole a gaya wa mutum haka tun yana riƙe da kwalin farko.

Ku tuna cewa wanda ke zaune gabanku ba ya riƙe magana. Kansa na wani wuri, rabin abin da kuka faɗa ya zube kafin ya kai ƙofa. Ku rubuta masa a takarda da harshen da yake karantawa, ku nemi ya zo da wani nasa da zai ji bayanin tare da shi, ku sa masa ranar dawowa kusa, ku ba shi lambar da zai kira idan abu ya rikice da dare. Ku tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin halaka kansa. Bincike ya nuna tambayar ba ta shuka tunanin, sau da yawa ma ita ce ke ba mutum damar sauke abin da ya kasa gaya wa 'ya'yansa. Idan ya kawo ƙorafin illa, kada ku ce masa "za ka saba" ku wuce. Ku rubuta, ku aika wa hukumar magunguna ta ƙasarku. Tun 1968 Hukumar Lafiya ta Duniya ke da shirin tattara irin waɗannan rahotanni, cibiyarsa na Ufsala a ƙasar Suwidin, kuma da yawa daga gargaɗin da ke jikin kwalaye yau daga irin waɗannan rahotanni suka samo tushe.

Ga masu tafiyar da asibitoci kuma ina da roƙo ɗaya. A riƙa rubuta rashin da kwanan watansa a cikin fayil ɗin majinyaci, kusa da maganin da aka fara saboda shi. Likitan da ya rubuta yau ba lallai shi zai gan shi bayan wata uku ba. Wanda ya gaje shi, idan bai ga dalilin farawa ba, sabunta takardar kawai zai yi, na bayansa ma haka, har mutum ya shekara biyar a kan ƙwayar da aka ba shi don makon farko na rasuwar matarsa. Idan dalilin na rubuce, na biyun zai iya tsayawa ya tambaya ko har yanzu ana bukatarta, ya kuma fara tsara yadda za a rage.

Wassalam.

Daga ɗaya cikin masu kula da iyayen da aka yi wa rashi.